Sada da Kujera ta Biyu

Shekara huɗu na yi ba na Alƙahira. Na taɓa Kano, na taɓa Yamai, na yi wata takwas a Bur Sudan ina sauke kaya, duk inda na zauna sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da na dawo a bazarar 2014 na tarar an canza shugaban ƙasa har mutane sun daina sauke hoton bango, sai dai su juya shi. Gidan da Gwaggo Fatna ta raine ni a Ard al-Liwa ya ƙaru da hawa uku, alhali tun da can a jingine yake da na maƙwabta kamar mai ciwon baya. Tuktuk, wato keke Napep, sun hayayyafa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya daina tsayawa a Tahrir, sai ya wuce tashar sumsum kamar wanda ya hango surukinsa. Wutar lantarki ta koyi halin ta Kano. Mai guga na layinmu, wanda na bari ba ya iya karanta lambar mota, ya zama masanin tsarin mulki. Gwaggo kuma ta daina rina furfura, ta ce ta gaji da yi wa madubi ƙarya.

Duk na haƙura. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne an kashe Layin Baya.

Shiri ne na wata ƙaramar tashar tauraron ɗan Adam. Sunansa na Larabci ne, mu dai haka muka fassara shi. Mutum biyu ne, Ustaz Nagi da Ustaz Lotfi, kowace Alhamis su zauna kan kujerun aski guda biyu, su saka fim mafi muni da suka samu, su bi shi da baki. Nagi na da ƙararrawar keke. In makirufo ya leƙo daga sama, ko jarumi ya faɗa kogi ya fito da busasshiyar riga, sai ka ji ƙililin, a tsayar, a maido baya. Lotfi kuwa ba ya ɗaga murya. Yana ɓare 'ya'yan kankana zai jefo kalma uku, ka yi kwana biyu kana tunawa kana dariya kai kaɗai a cikin mota.

A unguwarmu shirin ya fi ko'ina daɗi, domin mun san fim ta ciki. In masu shirya fim na neman baƙar fata, bas suke turowa Ard al-Liwa da sassafe su kwashi mutane su zama kombars, wato masu cika fili: mai gadi, mai riƙe laima, mai mutuwa a yaƙi. Ba a cika faɗa wa baƙi ba, musamman ɗalibai, amma da wuya ka sami gidan 'yan Sudan irinmu da bai taɓa shiga bas ɗin nan ba.

Bayan juyin juya halin 2011 tashar ta gano cewa in ka zaunar da mutum huɗu suna yi wa juna ihu kan siyasa, mutane sun fi kallo. Aka fitar da kujerun aski, aka shigo da tebur.

Kwana biyu da dawowata na je ahwar Baba Abakar, gidan shayin bakin layinmu. Can na tarar da abu ɗaya da bai canza ba: Sada. Bakatsine ne, ya zo karatu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, aji biyu na jami'a ya riƙe shi da hannu bibbiyu. Yanzu ya ƙara gyale a wuya cikin zafin Yuli, kuma ya ce a riƙa kiransa Darakta.

"Hatim! Ka dawo a kan gaɓa. Tarihi na neman shaida."

"Ko sannu da zuwa babu?"

"Za a yi maka daga baya. Zauna. Na gano Ustaz Nagi."

Na zauna.

Ashe ya je unguwar Dokki ɗaukar hoton fasfo, a wani ɗan shago kusa da ofishin jakadanci. Mai hoton ya ce masa, "Kada ka yi murmushi," nan take ya gane muryar. Ustaz Lotfi ya bi 'yarsa Kanada. Nagi na da ɗan 'yar'uwa mai kyamara da ke ta roƙonsa su farfaɗo da shirin a intanet, amma ya ce ba ya zama kusa da kujerar da ba kowa.

"To kujerar nan ta biyu," in ji Sada, ya dafa ƙirji, "ta sami mai ita. Ya ce zai zo Alhamis ya ga gwajina. Sau ɗaya."

"Shi ya ce zai zo, ko kai ka hana shi rufe shago har ya ce zai zo?"

"A ilimin tattaunawa duk ɗaya ne."

"Ka taɓa ba wani dariya da gangan?"

"Ya akhi, na riga na buga wa Alhajinmu waya Katsina na ce ɗansa ya shiga talabijin. Ya faɗa a masallaci. Maganar ta wuce tambaya."

Na tambaye shi wane fim zai saka. Ya ce sirri ne. Ya tsinto shi a tulin faya-fayan bakin titi a Ataba, mai sayarwa da kansa ya ba shi shawarar kada ya saya.

"Ka kalla?"

"Minti goma na farko. Barkwancin da aka shirya lacca ne. Ni a take nake ƙirƙira."

Matsala ta farko wuta ce. A layinmu bayan magariba ake ɗauke ta, don haka dole a yi bayan la'asar, rana na tsaye. Majigin da ya aro kuwa ba ya nuna komai sai cikin duhu. Sada ya ce wannan ƙaramin abu ne ga mai tunani. Ya tafi wurin masu ba da hayar kujeru ya ɗauko rumfa, irin mai kaurin zanen nan ja da shuɗi da ake kafawa a titi. Da na ganta na ce masa, "Sada, ka san ta zaman makoki ce?"

"Zane zane ne. Niyya ce ke bambanta shi."

Allon nunawa kuma farin mayafin Gwaggo Fatna ya hango a kan igiya. Ya hau har hawa na biyu yana haki.

"Gwaggo, ina so mayafinki ya shiga tarihi."

"Ya shiga ya fito ba tabo," in ji ta, tana kwaɓa lalle. "In na ga ko ɗigon shayi, kai zan shanya."

"Za ki zo ki kalla?"

"Zan zo in kalli mayafina."

Saura ƙararrawa. Sada ya ce ta keke ta tsohon zamani ce. Ya samo hon ɗin tuktuk, ya haɗa shi da batir. Da ya gwada, tantabarun layi uku suka tashi.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa a gaban ahwa, aka jera kujeru. Sada ya sa baƙar kwat, ya tsaya a ƙofa da fuska a murtuke, domin ya ce ɗan wasan gaske ba ya dariya kafin aiki. Kafin a ce me, Masarawan layi sun fara fitowa cikin jallabiyoyin fita. Kowa ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce dawwama ta Allah ce, ya shiga ya zauna shiru.

Sada ya raɗa mini, "Ka ga masoya? Ka ga yadda abin ya taɓa su?"

"Ta'aziyya suke maka."

"Ai ya cancanta."

Wani tsoho, Am Gaber mai gyaran risho, ya ja shi gefe. "Ɗana, wa ya rasu?"

"Layin Baya, ya Hajj."

"Irin sunan mutanen ƙasarku ne? Shekararsa nawa?"

"Shida."

"La haula wala ƙuwwata. Ƙaramin yaro." Ya share ido ya nemi kujerar gaba.

Baba Abakar, da ya ga layin masu gaisuwa, bai tambayi kowa ba ya shiga rabon baƙin gahawa marar sukari kamar yadda ake yi. Matan 'yan Sudan suka sauko su ma, suka taru a bayan rumfa, Gwaggo a gabansu, idonta a kan mayafi.

Sai ga Ustaz Nagi. Gajere ne, ya fi yadda yake a talabijin sanƙo, riƙe da leda. Sada ya rungume shi, ya kai shi kujerar farko, nan da nan mutane suka gane cewa wannan ne uban mamacin. Mutum talatin suka yi layi. Nagi ya karɓi hannu talatin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Na taɓa mutuwa a gaban 'yan kallo, amma ba a taɓa yi mini gaisuwa tun kafin in fara ba."

Aka kunna majigi. Wani likita ne ɗan gayu zai tafi Afirka neman maganin da zai ceci budurwarsa. Sada ya ɗauki makirufo. Sai a lokacin na tuna cewa Larabcinsa na littafi ne. Ya buɗe baki kamar mai huɗuba.

"Ya ku taron jama'a! Lalle ne, haƙiƙa, gashin bakin wannan mutum ya karkata zuwa hagu!"

Ya danna hon. Am Gaber ya zubar da gahawa a cinyarsa. Wani ya ce a ji tsoron Allah, ana makoki. Wani ya ce wataƙila al'adarsu ce. Nagi ya rufe ido.

Haka aka ja minti goma. A na sha ɗaya jirgin likita ya faɗo a tsakiyar Afirka. Na san Afirkar nan. Gonar ayaba ce a bayan Giza, har ana hango turken wuta. Na san ta domin ina da shekara goma sha takwas na yi wuni biyu a cikinta, ba riga, da fenti a fuska.

Daga bayan rumfa wata mata ta yi guɗa. "Namu ne! Wallahi namu ne! Mahasin, kira su Amna!"

Na ja kwat ɗin Sada. "Kashe. Canza fim."

"Sakar ni, yanzu na yi zafi."

Mutanen daji suka fito daga cikin ayaba, kowa riƙe da mashi. Aka ɗauko sarkinsu a kan kujera, da kambin gashin kaza da sarƙar ƙasusuwa.

"Ku dubi wannan!" in ji Sada, ya sauko daga huɗuba saboda murna. "Sarki ne ko buhun albasa? Masu ɗauke da shi suna neman gafara! Wa ya ba wannan tumbi izinin shiga fim?"

Hon.

Ba wanda ya yi dariya. Duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Baba Abakar na tsaye da tire a hannu, tumbin nan dai na nan inda yake, shekara tara ba su rage shi ba.

"Matashin kai suka cusa mini," in ji Baba Abakar a hankali.

"Ba su cusa ba, Abakar," in ji wata murya daga wajen mata.

Sada ya dubi allo, ya dubi tire. Mai hankali da nan zai tsaya. Shi sai ya nemi wanda zai huce a kansa. Wani siririn mai mashi ya rugo, ya taka igiyar zanensa, ya kifa a cikin kwata.

"To wannan fa? Ƙafa kamar sandar rake! Uwarsa ta san ya fito?"

"Gwaggonsa ta sani," in ji Gwaggo Fatna. "Ga shi nan kusa da kai."

Rumfa ta ɗauki dariya karon farko, kuma a kaina. Am Gaber ya tambayi na kusa da shi ko ni ne mamacin.

Sada ya ji dariya, bai damu da inda ta fito ba, ya ƙara wuta. Likita ya harbe mutanen daji da bindigar da ba ta ƙarewa. Gawarwaki suka zube. Kyamara ta bi ta kansu a hankali, sai ɗaya daga ciki, wani dogo mai faffaɗar kafaɗa, ya ɗaga hannu ya kore ƙuda daga hancinsa, ya mayar da hannun ya ci gaba da mutuwa.

Sada ya kwanta a kan hon da duka nauyinsa.

"Allahu akbar! Gawa na korar ƙuda! Jama'a, wane jaki ne wannan?"

Da ƙarar ta mutu, ba ka jin komai sai fankar majigi. Gwaggo Fatna ta ratso tsakanin kujerun maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Hatim, tsayar. Maido baya."

Na nufi majigi na maido. Kawu Ya'ƙub, mijinta, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce bai bar ko hoton kirki ba, ya sake ɗaga hannu ya kore ƙuda. Ta tsaya tana kallo. Ta ce in sake. Na sake.

"Haka yake yi in yana barci," in ji ta. Sannan ta juya ta miƙa wa Sada hannu. "Ba ni abin maganar, ya walad."

"Gwaggo, ai shiri ne, akwai tsari..."

"Ba ni."

Ya ba ta.

"Jakin nan mijina ne," ta ce da Larabcinta na Sudan, wanda kowa a layin ke ji. "Awa huɗu ya yi kwance a rana, an shafa masa ruwan tumatir. Kun san me ya sa? Hatim, kai mu wurin likita. Yawwa, tsaya. Wannan kyakkyawan, kalma biyar aka ba shi ya faɗa. Sau ashirin da uku ana sakewa. A na sha bakwai ya manta sunan budurwar da ya zo ceto, ya kira na matarsa ta gida. Ƙudan da kansa ya gaji ya zo ya ga me ya hana a tashi."

Aka kwashe. Har masu makoki.

"Ku dubi hannunsa na hagu. Me ya sa kullum yana bayansa? Sanwici ne. Zakin da za ku gani yanzu, karen wata Baturiya ne daga unguwar Ma'adi, aka ɗaura masa tsummar goge ƙasa. Shi kaɗai aka kawo wa laima. Shi kaɗai kuma ya yi nasa daidai a karo ɗaya."

Sai na ji wani sauti da na shekara huɗu ban ji ba. Ƙililin. Ustaz Nagi ya zaro ƙararrawar keke daga leda, hawaye na bin kumatunsa.

"Ya sitti, daraktan fim ɗin fa? Yana ina lokacin?"

"A mota, da na'urar sanyi. Ta taga ya shirya Afirka gaba ɗaya."

Ƙililin.

Sada ya ga kujera na tafiya a gaban idonsa. Ya lallaɓa wajen hon, ya tarar Baba Abakar ya zauna a kan batirin yana kallonsa. Sai ya haye kujera ya ɗaga hannu biyu.

"Ya ku jama'a! Wannan duk cikin tsarina ne! Ni na..."

Kujerar hayar makoki ba a yi ta don tsayuwa ba. Ta naɗe. Ya cafki igiya, igiya ta ja turke, rabin rumfa ya sauko a kansa a hankali kamar ana rufe tukunya. Rana ta faɗo ciki, fim ya ɓace daga mayafi. Ƙafafunsa kawai ake gani suna harbin iska. Am Gaber ya miƙe ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai yanzu an san wa ake yi wa zaman.

Da muka jawo shi, gyale a baki, Nagi ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗana, kai ka ce ka kalli kowane shiri namu."

"Har na haddace, ya Ustaz."

"Shekara tara na yi ina kombars kafin in zauna a kujerar nan. Na mutu sau arba'in. Ka taɓa jin ni ko Lotfi mun taɓa mutumin da sunansa ba ya kan fosta?"

Sada ya yi shiru, abin da ya sa wasu suka matso su gani.

"Wannan," in ji shi a ƙarshe, "bai shigo cikin binciken da na yi ba."

Nagi ya miƙe ya nufi Gwaggo, wadda ke kwance mayafinta tana duba shi a rana.

"Ya sitti, ina da kujerar da ba kowa."

"Tana da wurin jingina?"

"Ta aski ce. Har kwanciya take yi."

"Ban da Alhamis, ranar lallen amare ce. Kuma ba na sa hoda."

"Tamam."

"Fim nawa gare ka?"

"Munana? Ya sitti, nan Masar ce. Sai mun mutu mun bar saura."

Sati uku bayan haka ƙafata ta soma ƙaiƙayinta. Wani abokina ya kira daga Aswan, ya ce jirgin ruwan Wadi Halfa na neman ma'aikata. Da hantsi ina cusa kaya a jaka, Gwaggo na falo tana kallon wani fim na 'yan sama-jannati da takarda a hannu tana tsaki, sai ga Sada ya shigo ba sallama. Ya sake gyale.

"Ka ji labari? An ɗauki shiri na farko jiya. Ina ciki."

"A kujera?"

"Kujera ta masu ciwon gwiwa ce. Ustaz ya ce yana buƙatar wanda zai wuce ta baya da tiren shayi. Ba magana ko ɗaya. Ka san wannan shi ne mafi wuya a fannin? Sau tara muka sake."

"Saboda me?"

"Ina ƙara wa rawar kalmomi, su kuma ba su kai matakin fahimta ba."

Daga falo Gwaggo ta ce, "Sai da na ce a cusa masa burodi a baki."

Sada ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna a kan jakata don zip ya rufu, ya zaro takarda ya rubuta wani abu, ya soka mini a aljihu.

"Duk ƙasar da ka sauka, ka nemi intanet. Minti na bakwai, daƙiƙa goma sha biyu. Na riga na faɗa wa Alhajinmu ya tara mutane."

"Fuskarka ta fito?"

"Kafaɗa," in ji shi. "Ta hagu. Ka lura da kyau, kada ka ɗauka labule ne."